Daga haushin kare zuwa ƙarar waya: tarihin mai shelar wasiƙa

Wasiƙa ba ta da amfani sai mai ita ya san ta iso. Duk malamin da ya koyar a ƙauyukan Agye ko Gidan Rumji kafin zuwan wayar salula ya san haka: takardar sauyin wurin aiki takan yi mako guda a ofishin sufeto tana jiran mai babur ko direban motar kasuwa. Wani lokaci sai ranar da aka saka ta wuce kafin labari ya iske mutum.

Masu kwamfuta ma sun sha wannan matsala. A 1971 Ray Tomlinson ya aika imel na farko tsakanin kwamfutoci biyu a Amurka, amma saƙo yakan sauka shiru, sai mutum ya je ya duba da kansa. A 1980, a jami'ar Bakli ta Kalifoniya, aka rubuta ƴar ƙaramar manhaja mai sanar da mutum cewa ya yi wasiƙa. Aka sa mata suna biff, sunan karen wata ɗaliba da ke yawo a sashen, wanda aka ce yana yi wa mai rabon wasiƙu haushi. Duk wata ƙara da wayarka ke yi yau idan saƙo ya shigo, jikar wannan kare ce.

A Nijar, imel ya riga intanet isowa. A farkon shekarun 1990 cibiyar bincike ta Faransa, ORSTOM, ta haɗa Yamai da hanyarta mai suna RIO. Injunan suna tara wasiƙu ne, su kira juna ta layin tarho a lokutan da aka tsara, su miƙa abin da ya taru. Tamkar motar kasuwa ke nan, sai ta cika ta tashi. Intanet ɗin sosai sai a ƙarshen shekarun ya zo ta hannun SONITEL.

Daga nan sai akwatin wasiƙa ya bar cikin kwamfuta ya koma shafin yanar gizo: Hotmail a 1996, Yahoo a 1997, Gmail a 2004. Mutanenmu Yahoo suka fi sani. Malami daga Gazawa yakan hau mota har Maraɗi, ya biya kuɗin awa guda a shagon intanet, rabin awar ta tafi wajen jiran shafi ya buɗe, don kawai ya ga ko an amsa masa. Sau da yawa akwatin wayam. Karen ya daina haushi, tunda wasiƙar ba ta cikin gidan da yake gadi.

Kamfanin Google ya yi manhajar sanarwa ga masu Windows da Mac, ya bar masu Linux, wato tsarin kyauta da Linus Torvalds ya fara a ƙasar Finlan a 1991. Ba su zauna jira ba. Da yake kowa na da izinin duba cikin tsarin ya gyara, masu sa kai suka rubuta nasu, irin su CheckGmail da Mailnag, masu leƙa akwati kowane ƴan mintoci su nuna alama a kusurwar allo. Ubuntu, wanda Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu ya kafa a 2004, ya yi ta aika faifansa kyauta ta gidan waya har 2011, kuma a 2012 ya gwada shigar da Gmail cikin teburin kwamfuta kai tsaye. Gwajin bai daɗe ba. Da yawa daga ƙananan manhajojin nan sun mutu duk lokacin da Google ya sauya hanyar shiga akwati. Thunderbird, wadda ta fito a 2004, ita ce ta jure.

Abin dariya shi ne Linux ya shigo mana ta bayan gida. Android, da ke cikin kusan kowace babbar waya a kasuwar Cadawa, a kan Linux aka gina shi. Ya raba mu da zuwa Maraɗi duba akwati, amma ya kawo wata damuwa: akwatin makaranta yanzu yana aljihun darakta. Ranar da aka yi masa sauyi, wasiƙun shekaru sun tafi, har da jerin sunayen ƴaƴanku masu jarrabawa. A ganina nan ne tsohuwar kwamfutar da ke shan ƙura a ofis take da sauran aiki. Microsoft ya daina kula da Windows 7 a Janairun 2020, Windows 10 kuma a Oktoban 2025, amma Linux mara nauyi yana tashi a kan irin waɗannan injuna. Thunderbird tana sauke wasiƙu ta adana su, a karanta ko babu layi, kuma adireshin na makaranta ne, sabon darakta ya zo ya tarar da shi. Abin da ake buƙata shi ne farantin sola, da mutum ɗaya cikin kwamitin iyaye da zai riƙe kwafin lambar sirri.