Ƙwallon lambu: abin da ke sa ƙwallo ta karkace dama, da yadda ake gyarawa

Ƙwallon lambu, wato golf, ba wasa ba ne da muka saba gani a Maraɗi, Tibiri ko Jiratawa. Amma muna da ƴan uwa a Kano, Kaduna, Abuja, Yamai da ƙasashen Turai da ke buga shi, wasu kuma suna cin abinci da ɗaukar wa ƴan wasa jakar sanduna. Kukan sabon shiga kusan ɗaya ne ko'ina: ya buga ƙwallo da ƙarfinsa, ta tashi kamar za ta miƙe, can sai ta yi kwana ta faɗa daji ta hannun dama. Turawa na ce wa wannan matsala silais. Asara ce biyu: in ƙwallo ta ɓace ko ta fita iyakar fili, doka ta ce a ƙara wa mutum bugu ɗaya ya koma inda ya buga, ga kuma kuɗin sayen wata.

Me ke kawo shi?

Bayaninmu na mai bugu da dama ne, bahago sai ya juya komai. Ana fara rami mai tsawo da sandar da ake kira direba. Ita ce mafi tsawo cikin sanduna 14 da aka yarda ɗan wasa ya ɗauka, fuskarta kuma kusan a tsaye take, shi ya sa ba ta rufa wa kuskure asiri.

Abu biyu ke haɗuwa. Na farko, fuskar sanda na isa ga ƙwallo tana kallon dama fiye da inda sandar ta nufa. Na biyu, sandar na saukowa daga waje ta ratso zuwa wajen ƙafar hagu, kamar mai yankan ciyawa da lauje. To maimakon a daki ƙwallo a tsakiyar baya, sai a goge ta, ta tashi tana juyi a karkace, iska ta tura ta dama. Wani masani Bajamushe, Heinrich Gustav Magnus, ya yi bayanin wannan turi a 1852.

Ƴan ƙwallon ƙafa sun san abin. Duk wanda ya kalli Jangorzo ko Ɗan Kasawa ya ga yadda bugu da bayan ƙafar dama ke lanƙwasa ƙwallo zuwa dama. Haka Roberto Carlos na Brazil ya ci Faransa a 1997 da bayan ƙafar hagu. Shi da gangan ya yi, ɗan golf kuwa ba da son ransa ba.

Kuskuren da ke ƙara ɓata lamari

Da mutum ya ga ƙwallonsa na zuwa dama, sai ya ce bari in saita hagu. Nan ake yin gudun gara a faɗa gidan zago. Juya kafaɗu hagu na ƙara wa sanda ratsowa, kwanar ta ƙara faɗi. Ƙara ƙarfi ma haka: juyin ne ke ƙaruwa.

Yadda ake gyarawa

A fara da riƙo. A ɗan murɗa hannuwa biyu zuwa dama a kan mariƙin, har in an duba ƙasa a ga gaɓɓai biyu ko uku na tushen yatsun hannun hagu. Kada a matse sanda kamar ƙotar gatari, don hannu mai tauri ba ya barin fuskar ta rufe.

Sai tsayuwa. A ajiye kara miƙaƙƙe a ƙasa yana nuna inda ake so, ƙafafu, ƙugu da kafaɗu duk su bi layinsa. Ƙwallo ta kasance daidai da dunduniyar ƙafar hagu, kai kuma ya tsaya bayanta.

Sai saukowa. Ƙugu ne ke fara juyawa, hannuwa su biyo, gwiwar hannun dama na kusa da haƙarƙari. Ga gwaji mai sauƙi: a aje robar ruwa marar komai a can gefen ƙwallo, ɗan baya kaɗan. In sanda ta taɓa ta, har yanzu daga waje take zuwa.

A ƙarshe a shafa alli a fuskar sanda a buga. In tabon ƙwallo ya fito kusa da ƙota, wannan kaɗai ma na iya karkatar da ita dama. Sai a gyara tazarar tsayuwa har tabon ya dawo tsakiya.

Shawararmu ita ce a bi su ɗaya bayan ɗaya, riƙo kafin komai. In ƙwallo ta daina kwana ta koma tafiya hagu kai tsaye, kada a tsorata: fuskar ta gyaru, saura hanyar sanda. Wanda ya zo hutu gida, yashin Gulbin Maraɗi da rani ya ishe shi gwaji, sai dai a duba yara da bisashe tukuna, don ƙwallon ba ta wuce giram 46 ba amma tauri gare ta kamar dutse.

Allah ya ba da sa'a.