Ramin Tsutsa Mai Haske na Newnes

Wannan rami tsohuwar hanyar jirgin ƙasa ce da aka huda cikin dutse a jihar New South Wales ta Ostareliya, arewa da garin Lithgow. Tsawonsa ya kusa mita 400.

Neman mai ne ya kawo layin dogo wannan daji. A kwarin Wolgan akwai wani irin dutse da ake gasawa a tatsi kananzir da kakin kyandir, shi ya sa kamfanin Commonwealth Oil Corporation na Ingila ya kafa masana'anta a Newnes, garin da ya ci sunan Sir George Newnes, mai buga mujallu a Landan. Injiniya Henry Deane ya shimfiɗa layin tsakanin 1906 da 1907, kimanin kilomita 50, ta kan tsaunuka masu wuyar hawa. Saboda tsananin gangara da kwana, sai da aka sayo kawunan jirgi samfurin Shay daga Amurka.

Kasuwar ba ta yi albarka ba. Aiki ya riƙa tsayawa yana tashi har aka rufe a 1932, aka kuma kwashe ƙarafan layin a 1940.

Da hayaƙin jirgi ya ɗauke, sai tsutsa mai haske ta samu gida a ramin. Ɗiyar wani ƙwaro ce mai kama da sauro, masana na kiranta Arachnocampa richardsae. Ramin a lanƙwashe yake, hasken rana ba ya kai tsakiyarsa, ga ruwa na tsattsafowa daga bango rani da damina. Tsutsar kan manne a rufi, ta sako zaruruwa masu ɗigon danƙo, ta kunna shuɗin haske a wutsiyarta. Ƙananan ƙwari su biyo hasken su maƙale, ita kuma ta janyo zaren ta cinye. Mai ziyara kan shiga tsakiya, ya kashe tocila, ya ɗan dakata, sai ɗigo-ɗigon haske su bayyana a bango kamar taurari.

Ramin na cikin Gandun Dajin Wollemi da aka kafa a 1979, yankin da UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya a 2000. Yawan baƙi shi ne abin damuwa yanzu. Haska wa tsutsotsin tocila kan sa su dusashe, hayaƙin taba da taɓa bango na cutar da su, don haka hukumar gandun ta hana. Daga baya ta gyara turbar cikin ramin domin masu ziyara su riƙa bin hanya ɗaya, su yi nesa da bango.