Dalar Azurfa Mai Shekarar 1780

A tsohon Zangon Wagadugu, unguwar da fatake masu bin hanyar goro ta Gwanja suka raya, a da akan tarar da tsohuwar dalar azurfa cikin kayan gado, da hoton mace a fuskarta, da 1780 a bayanta. Magaji kan ɗauka ya tsinci dami a kala. Masu tara tsofaffin kuɗaɗe kuwa sun gaji da maimaita bayani guda.

Matar ita ce Mariya Tereza, sarauniyar Austiriya, wadda ta rasu a 1780. Da yake 'yan kasuwar Larabawa da Habasha sun aminta da wannan zubi, sai aka ci gaba da buga shi ba a sauya shekara ba, a Biyana, daga baya har Landan da Roma da Bombay. Adadinta ya haura miliyan 300. Galibi darajarta ba ta wuce ta azurfar jikinta, cikin nauyin giram 28.

Ni abin da ya fi jan hankalina sunan ne. A Kano ta 1851, Barth ya tarar ana canjin dala ɗaya da wuri 2,500. Yau Bahaushen Zango in ya ce dala, sefa 5 yake nufi.