Tsofaffin finafinan talabijin a Kano: Abubuwan da ba kowa ya sani ba

Duk wanda ya yi wayo a ƙasar Kano tsakanin ƙarshen shekarun 1970 da farkon shekarun 2000 ya san daren da ake sa fim a talabijin. A cikin birni tsakar gida kan cika, yaran maƙwabta su jeru a kan tabarma tun kafin a gama labarai. A karkara kuwa, kamar Madadi da ke Ƙaramar Hukumar Gwarzo da ƙauyukan da ke kewaye da Kabo, inda wutar lantarki ba ta wadata ba, akwati mara kala ake jona wa batirin mota, a ɗaure eriya a kan doguwar gora, wani yaro ya yi ta juya ta har sai hoto ya tsaya. An haddace waƙoƙin waɗannan finafinai, an laƙaba wa jarumansu sunayen Hausa, amma kaɗan ne daga cikin masu kallon suka taɓa jin yadda aka shirya su.

Daga dodon bango zuwa tsakar gida

Kafin zuwan talabijin, hanyoyin kallo biyu ne. Akwai majigi, wato motar hukuma da ke zagaya garuruwa, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fadar hakimi ko dagaci, a nuna finafinan wayar da kai a kan noma da tsafta. A cikinsu ne aka san Baban Larai na shekarun 1950, mai kwaɗaitar da noman auduga. Ta wannan hanya yawancin mutanen karkara suka fara ganin hoto mai motsi, abin da dattawa suka kira dodon bango.

Hanya ta biyu ita ce sinima, wadda ta birni ce, ba ta kuma da kyakkyawan suna. An buɗe Rex a Kano a 1937, wasu suka biyo baya. A ranar 13 ga Mayun 1951 gobara ta tashi a sinimar El-Duniya, mutum 331 suka rasu, kuma mutane da dama suka ɗauki abin a matsayin ishara. Matar aure ba ta taka ƙofar sinima, ɗan mutunci ma in ya je sai a ɓoye.

Talabijin ya sauya wannan lissafi. Gwamnatin Sardauna ta buɗe tashar Kaduna a 1962, ta Kano ta fara aiki a 1976, sannan a farkon shekarun 1980 gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa CTV, wadda yanzu ake kira ARTV don tunawa da shi. A ƙididdigar da Farfesa Abdalla Uba Adamu ya kawo, tashar NTA Kano ita kaɗai ta nuna finafinan Indiya 1,176 daga 2 ga Oktoban 1977 zuwa Yunin 2003, wato kusan fim guda a kowane mako har tsawon shekara 26. Abin da aka tsare a bayan katangar sinima sai ga shi a ɗakin uwargida, ba tikiti, ba abin kunya. Matan da ke kulle da yara ƙanana su suka zama manyan masu kallo, kuma daga cikin yaran nan ne masu shirya finafinan Hausa suka fito daga baya.

Uwa da ɗa da suka zama mata da miji

In za a zaɓi fim ɗaya da ya fi zama a zukatan Hausawa, da wuya a tsallake Mother India na 1957, wanda Mehboob Khan ya ba da umarni. Labarin Radha ne, matar manomi da bashin mai ba da kuɗi da ruwa ya ɗaure, miji ya gudu ya bar ta da 'ya'ya, ta ja garma da kafaɗarta, a ƙarshe ta harbe ɗanta Birju da hannunta saboda ya sace 'yar mutane. Manomin Gwarzo ba ya bukatar tafinta kafin ya gane bashin da ake biya da amfanin gona.

Nargis da ta fito a matsayin uwar, da Sunil Dutt da ya fito a matsayin Birju, duk a watan Yunin 1929 aka haife su, tsakaninsu kwana biyar. A wajen ɗaukar wani fage na gobara wuta ta ƙwace, ta rutsa da Nargis, Sunil Dutt ya kutsa ya fito da ita, shi ma ya ƙone. Ta yi jinyarsa, suka yi aure a 1958. Ɗansu shi ne Sanjay Dutt, wanda matasan Kano suka raɗa wa suna Ɗan daba mai lasin. Fim ɗin kansa maimaici ne na Aurat, wanda Mehboob Khan ya yi a 1940, kuma shi ne fim ɗin Indiya na farko da ya kai zagayen ƙarshe na gasar Oscar a rukunin finafinan harsunan waje.

Ba Sanjay kaɗai ya sami laƙabi ba. Dharmendra shi ne Sarkin Ƙarfi, Rishi Kapoor kuwa Mace aka ce masa, saboda taushin jiki da yawan rawa.

Sarkin Ƙarfi ya fito tare da Amitabh Bachchan a Sholay, wanda aka saki ranar 15 ga Agustan 1975. An shafe kimanin shekara biyu da rabi ana ɗaukarsa a duwatsun Ramanagara kusa da Bangalore. Gabbar Singh, bos ɗin da har yau ake kwatance da shi, ba Amjad Khan aka fara ba wa ba. Danny Denzongpa ne, sai aikin wani fim a Afganistan ya riƙe shi. Ƙarshen da muka gani ma ba shi ne na asali ba. Ramesh Sippy ya ɗauki fagen da Thakur, wanda aka yanke wa hannuwa, ya kashe Gabbar da ƙafafunsa, amma hukumar tace finafinai ta ƙi yarda tsohon ɗan sanda ya ɗauki doka a hannunsa, dole aka sake ɗauka, 'yan sanda suka zo suka kama shi. A makonnin farko an yi zaton fim ɗin ya faɗi, sai ga shi ya shekara biyar ana nuna shi a sinimar Minerva ta Mumbai.

Wanda ya kalli Coolie na 1983 zai tuna inda hoto ke tsayawa cak ana tsakiyar faɗa, rubutu ya fito. Wasu a nan sun zaci tashar ce ta sami matsala. Wurin ne Amitabh Bachchan ya ji mummunan rauni a ciki ranar 26 ga Yulin 1982, yana dambe da Puneet Issar, har ya kusa rasa ransa. A rubutun farko, Iqbal ɗan dakon tashar jirgin ƙasa mutuwa zai yi. Manmohan Desai ya sauya ƙarshen, ganin bai dace mutumin da ya tsallake rijiya da baya ya mutu a allo ba. Lamba 786 da ke hannun Iqbal kuwa ita ce Musulmin Indiya ke ɗauka a matsayin jimillar haruffan Bismillah.

Akwai wani abin da ya daɗe yana ruɗar masu kallo: jaruman ba su ne ke rera waƙoƙin ba. Muryoyin na mawaƙan bayan fage ne irin su Mohammed Rafi, wanda ya rasu a 1980, da Lata Mangeshkar da ta rasu a 2022. Karin waƙoƙinsu ya shiga gari har 'yan bandiri a Kano suka riƙa ɗora begen Annabi a kansa. Wannan tsari na jarumi ya motsa baki, wani ya rera, shi finafinan Hausa suka gada.

Finafinan kaboyi da na Cana su ma sun sami rabonsu, musamman a wajen samari, waɗanda suka raba duniyar fim gida biyu, akta da bos. Bruce Lee bai ga fitowar Enter the Dragon ba, domin ya mutu ranar 20 ga Yulin 1973, kafin a sake shi.

Fim ɗaya, ɗauka biyu

The Message na 1976, wanda Mustapha Akkad ɗan asalin Siriya ya shirya a kan farkon Musulunci, yana da matsayi na daban, har gidajen da ba a yarda da kallo ba sukan ɗaga masa ƙafa. A haƙiƙa finafinai biyu ne. Kowane fage sau biyu aka ɗauke shi, da Ingilishi da kuma Larabci, da 'yan wasa daban. Anthony Quinn ne Sayyadina Hamza a na Ingilishi, Abdullah Gaith na Masar a na Larabci. Bilal na Ingilishi kuwa Johnny Sekka ne, haifaffen Dakar. Ba a nuna Annabi (SAW) ba, ba a kuma ji muryarsa ba, haka ma halifofi huɗu. Abin da aka gani na Sayyadina Aliyu shi ne takobinsa Zulfiƙar. An fara aikin a Maroko, matsin lamba ya sa aka tsaya, aka ƙarasa a Libiya da tallafin Mu'ammar Gaddafi. Akkad, wanda ya shirya fim ɗin Umar Mukhtar daga baya, ya rasu sakamakon harin bam a wani otal a birnin Amman a Nuwamban 2005.

Namu na gida

Abin da mutane da yawa ke kira tsofaffin finafinan Hausa, galibinsu wasannin kwaikwayo ne na talabijin. Usman Baba Pategi, wanda sunan Samanja ya binne sunansa na yanka, Banufe ne daga Pategi ta Jihar Kwara, kuma sojan gaske ne kafin ya zama na wasa, shi ya sa Hausar bariki ta zauna a bakinsa. Ya rasu a Kaduna a Nuwamban 2023. Ƙasimu Yero, wanda ya rasu a 2017, 'yan Arewa sun san shi da Karambana, sauran 'yan Najeriya kuma da Gaga na Cock Crow at Dawn.

Fim na kaset ya fara ne a 1990 da Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a Kano. Sunan Kannywood ya fara fitowa a mujallar Tauraruwa a 1999, wato ya girmi sunan Nollywood da shekara uku. Zuwa lokacin Sangaya, na Ali Nuhu da Fati Muhammad, rawa da waƙa irin na Indiya sun riga sun zama gishirin fim ɗin Hausa. Masu sukar wannan ɗabi'a suna da hujjarsu, sai dai ya kamata a tuna cewa yaran da aka shekara ashirin ana ciyar da su Indiya kowane mako ba za su girma su dafa wani abu dabam ba.

Fim ɗin da ya fi cancantar a kira shi na tarihi shi ne Shehu Umar na 1976. Asalinsa littafin da Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta don gasar 1933, tun yana malamin makaranta, aka buga a 1934. Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar da shi wasan kwaikwayo, Adamu Halilu ya mayar da shi fim, Umaru Ladan ɗin kuma ya fito a matsayin Shehun. Labarin yaron Kagara ne da aka sace, bauta ta ƙetarar da shi Sahara, ya zama babban malami, mahaifiyarsa ta bi sawunsa har ita ma ta faɗa hannun masu cinikin bayi. Shekaru da dama ana jin sunan fim ɗin ba a ganinsa, har aka ɗauka ya ɓace. A 2016 aka gano faifansa na asali a cikin tarin gwangwanayen fim na Hukumar Finafinai ta Najeriya. Cibiyar Arsenal ta Jamus ta gyara shi, aka nuna shi a bikin finafinai na Berlin a 2018.

Shehu Umar ya yi sa'a ke nan. Mother India da Sholay suna nan garau, har masu fassara irin su Algaita sun sa jaruman Indiya suna magana da Hausa a wayoyin 'yan Madadi. Namu kuwa a kan kaset aka ɗauki mafi yawansu, shi kuma kaset zafi da ƙura da laima suna cinye shi. A gidajen talabijin da dama tsadar kaset ta sa an riƙa goge tsohon shiri a ɗora sabo a kai. Ma'ajiyar finafinai ta ƙasa tana Jos, amma ba duk abin da aka ɗauka a Kano da Kaduna ne ya isa can ba. Wani kason Samanja ko Karkuzu da ake gani yau a YouTube, da hoto dishi-dishi da murya mai rawa, daga kaset ɗin da wani ya naɗa a gidansa aka kwafo shi.