Yadda Ake Gano Yankunan Da Manoma Ke Cikin Matsi Ta Hanyar Lissafin Kwamfuta

Talaucin manoma ba ya bazuwa daidai a kan taswira. Yakan taru ne wuri guda: ƙauyukan da fari ya shafa tare, ko waɗanda hanyar kasuwa ta yanke musu. Matsakaicin alƙaluman ƙaramar hukuma kan ɓoye wannan. A Abuja, Ƙaramar Hukumar Birni ta haɗa Maitama da Asokoro da Durumi da ƙauyukan noma irin su Karshi, don haka adadi guda ba zai nuna halin da manomin gefen gari yake ciki ba.

Ɗaya daga fitattun dabarun gano irin wannan cunkoso ita ce wadda masanin ƙididdiga Martin Kulldorff ya wallafa a 1997, kuma an fi amfani da ita wajen bin diddigin cututtuka. Kwamfuta tana zana da'irori manya da ƙanana a kan taswira, ta kwatanta yawan gonakin da bashi ko asarar amfani ta danne a cikin kowace da'ira da na wajenta, sannan ta ware wadda tazararta ta fi girma. Bayan nan sai ta yamutsa alƙaluman sau ɗaruruwa, domin a tabbatar ba dace kawai aka yi ba.

Sai dai masifa ba ta cika zuwa a siffar da'ira ba. Ambaliyar 2022 ta bi gaɓar kogunan Neja da Binuwai ne, doguwa kamar igiya. Shi ya sa aka ƙirƙiro dabarun da ke ɗinke yankuna masu maƙwabtaka ɗaya bayan ɗaya, suna riƙe haɗin da ya ƙara fito da tazarar. Gwada dukan haɗin da zai yiwu tsakanin ƙananan hukumomi 774 ya fi ƙarfin kowace kwamfuta, saboda haka amsa mafi kusa ake nema.

Sauran aikin na bayanai ne. Ƙidayar noma da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar a 2022 ta nuna gidaje kusan miliyan 40 ne ke noma a Najeriya. Amma bashin da manomi ya ci a hannun ɗan kasuwa, zai biya da hatsi lokacin kaka, da wuya ya shiga wani kundin hukuma, kuma kwamfuta ba ta lissafa abin da ba a rubuta ba.