Faifan da ya mutu a ɗakina, da tarihin da ya cece ni

A watan Afrilun da ya wuce, lokacin da zafin Maradi ya kai maƙura, ƙaramin rumbun ajiyar bayanai da ke ɗakina ya soma wata ƙara, ƙat-ƙat-ƙat, sai fitilarsa guda ta koma ja. Na'ura ce mai faifan ajiya biyu. A cikinta akwai darussan da na shirya shekara da shekaru, da makin ɗalibai, da hotunan sunan ƴaƴana, da muryar mahaifiyata da na naɗa kafin Allah ya yi mata rasuwa. Faifai ɗaya ya mutu, amma ban rasa komi ba. Dalilin haka yana da tarihi.

Kamfanin IBM ne ya fito da faifan ajiya na farko a Amurka a 1956, cikin na'urar da ake kira RAMAC. Faranti 50 ne aka jera, faɗin kowane inci 24, nauyinsa ya kusa tan guda, amma haruffa miliyan 5 kawai yake ɗauka. Hoto biyu na wayar yau sun isa su cika shi. A 1980 kamfanin Seagate ya yi faifai mai megabayit 5 wanda zai shiga kwamfutar tebur. A 2007 kuma Hitachi ya kai terabayit guda, wato megabayit miliyan ɗaya.

Jiki ya ragu, ciki ya ƙaru, amma yadda yake aiki bai sake ba. Faranti ne ke juyawa sau 5400 ko 7200 a minti guda, wani ɗan hannu mai karatu da rubutu yana shawagi a kansa, tazarar da ke tsakaninsu ba ta ko kusa da kaurin silin gashi ba. Duk abin da ke juyawa haka dole wata rana ya gaji. Zafi da girgiza da ɗaukewar wuta ba zato suna gaggauta ranar.

A 1988 wasu masana uku na jami'ar Bakile a Kalifoniya, David Patterson da Garth Gibson da Randy Katz, suka fitar da takardar da ta raɗa wa wata dabara suna RAID. Ba su nemi faifan da ba ya mutuwa ba. Sun yarda zai mutu, sai suka tsara hanyoyin haɗa faifai masu araha da yawa ta yadda in ɗaya ya faɗi, sauran su riƙe kayan. Hanya mafi sauƙi ita ce tagwaye: duk abin da aka rubuta a ɗaya, a rubuta shi a ɗayan. Ita ce ke ɗakina.

Sauyin kansa ba wuya. Na sayi sabon faifai wanda bai gaza tsohon girma ba, na duba lambar jikin wanda ya mutu sau biyu don kar in zare mai lafiyar, na kashe na'urar, na sauya. Fargabar tana bayan nan. Sai da sabon ya kwana yana kwafe kayan, kuma a daren nan dukiyata tana wuyan faifai ɗaya, sa'an mamacin, rana guda na saye su, ga shi yana aikin da ya fi kowane nauyi. Shi ya sa tun kafin in taɓa komi na kwashe abin da ba shi da madadi zuwa wani faifai na daban, na kuma haɗa rumbun da batir saboda wuta.

Malamai da iyaye, ga inda dabarar ta tsaya. In yaro ya share hotuna, daga tagwayen duka suka tafi. Ɓarawo ko gobara ko tsawa ba su barin ɗaya. Ko ba ku da irin wannan rumbu, makin ajinku da hotunan gidanku suna cikin waya guda ko kwamfuta guda, su ma da ranarsu. Ku kwafe, ku kai wani gida. Nawa kwafin yana wajen ƙanena a Tasawa, duk hutun makaranta nakan sabunta shi.