Tarihin Binciken Kifi da Sana'ar Su a Kwarin Kogin Yobe: Daga Malamfatori Zuwa Fadamun Nguru da Gashuwa

1.0 Gabatarwa

An fi sanin garin Potiskum da kasuwar shanu da ta hatsi, kuma ba ya bakin wani babban kogi. Duk da haka yana da tsohuwar alaƙa da kifi, domin babbar hanyar da ta taso daga Maiduguri ta bi ta Damaturu ta nan ta ratsa kafin ta rabu zuwa Kano da Jos. Shekara da shekaru manyan motoci ɗauke da banda daga Baga ta wannan hanya suka riƙa bi zuwa kasuwannin Kudu irin su Onica. Wani kifin kuma yakan gangaro daga arewa, wato daga fadamun Nguru da Gashuwa.

Da yawa daga cikin binciken farko a kan rayuwar kifi a Nijeriya a gaɓar teku aka yi shi. Alan Longhurst ya yi aiki a Saliyo da Legas a kan kifayen bakin teku, sannan a farkon shekarun 1970 Fagade da Olaniyan suka nazarci kifayen tafkin Legas, inda ruwan daɗi yake gauraya da na gishiri. Kwarin Yobe ba shi da teku, amma yana da makamancin wannan mahaɗa, wato bakin Kogin Yobe inda yake zuba cikin Tafkin Chadi, da kuma fadamun da yake malalewa a cikinsu. A gaɓar teku cikowa da janyewar ruwa ne ke tafiyar da rayuwar kifi. A nan kuwa ambaliyar shekara-shekara ce. Wannan maƙala za ta bi diddigin binciken da aka gudanar a wannan kwari, ta nuna yadda masana suka fara da kifi, suka koma kan ruwa, sai bayan kimanin shekara 30 suka waiwayi masunci da dokokinsa na gargajiya, alhali waɗannan dokoki su ne suke riƙe da sana'ar tun fil azal.

2.0 Kogin da Ambaliyarsa

Kogin Haɗeja da Kogin Jama'are suna tasowa daga ƙasar Kano da tsaunukan Jos, su bazu a cikin fadamu, su haɗu a kusa da Gashuwa. Daga nan ne ake kiran ruwan Kogin Yobe, ko Komadugu Yobe a bakin Barebari. Yakan bi ta Gaidam, ya karɓi Komadugu Gana wanda ya biyo ta Misau da Dapchi, ya zama iyaka tsakanin Nijeriya da Nijar, har ya kai tafki. Ruwan da yake kai wa tafkin kaɗan ne ƙwarai, domin kimanin kashi 90 cikin 100 na ruwan da koguna ke zubawa daga Kogin Shari yake fitowa. Muhimmancin Yobe yana ga fadamunsa.

Idan ruwa ya malala daga tsakiyar damina zuwa kaka, kifi yakan bar cikin kogi ya shiga ciyayi ya yi ƙwai, 'ya'yansa su sami abinci da mafaka. Idan ruwa ya fara janyewa sai ya nemi komawa, wanda bai samu hanya ba ya maƙale a kududdufai da tafkuna. Wannan juyi shi ne kalandar masunta, kuma yawan kifin shekara yana bin faɗin ƙasar da ruwa ya mamaye.

3.0 Zamanin Malamfatori

A farkon shekarun 1960 Tafkin Chadi yana cike, faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a 1963. A wannan zamani ne Hukumar Kifi ta Tarayya ta kafa tashar bincike a Malamfatori, daf da bakin Kogin Yobe. A can gabas kuma masanan Faransa na cibiyar ORSTOM suna aiki daga Fort-Lamy, wato Njamena ta yanzu, inda Blache ya fitar da littafinsa a kan kifayen Chadi a 1964, shekarar da ƙasashe huɗu suka kafa Hukumar Raya Tafkin Chadi.

A Malamfatori, A. J. Hopson ya duƙufa a kan giwan ruwa: girmansa, abincinsa da lokacin hayayyafarsa. Jane Hopson kuma ta nazarci wani nau'i na kawara a arewacin tafkin. An buga sakamakon ayyukan biyu a 1972. Kafin nan, a 1967, Ma'aikatar Gona ta Jihar Arewa ta wallafa littafin Fish and Fisheries of Northern Nigeria, wanda Reed da Burchard da Hopson da Jenness da Ibrahim Yaro suka haɗa. Littafin yana da daraja ga manazarta harshe, saboda ya kawo sunayen kifaye na gida tare da sunayensu na kimiyya, ya kuma bayyana kayan su.

Tambayar da ta mamaye wannan zango ita ce: kifi nawa ne a ruwa, kuma nawa za a iya kamawa ba tare da an ƙarar da shi ba? Tambaya ce da aka aro daga binciken teku na Turai. Ta dace da lokacin, domin zaren nailon ya shigo ya maye gurbin zaren gargajiya, kuma kasuwar banda tana bunƙasa. Sai dai an ɗauki masunci a matsayin mai ɗiba kawai, wanda ya kamata hukuma ta ƙayyade wa girman idon raga. Ba a cika tambayar wa ya ba shi izinin shiga ruwan da yake su a ciki ba.

4.0 Fari da Madatsun Ruwa

Farin da aka yi daga 1972 zuwa 1974 ya rusa wannan lissafi. A 1973 tafkin ya rabu biyu, kuma zuwa 1975 ɓangaren arewa, inda Yobe yake zuba, ya ƙafe. Da farko kamu ya ƙaru matuƙa saboda kifi ya taru a ɗan ruwan da ya rage, har aka ƙiyasta abin da aka kama a tafkin a 1974 ya haura tan 200,000. Daga nan sai ya faɗi. Kifayen sarari irin su giwan ruwa da tsage da kawara suka ja baya, masu jure ruwan fadama mai ƙarancin iska, wato tarwaɗa da karfasa da gaiwa da bargi, suka mamaye. Tashar Malamfatori ta wayi gari nesa da ruwan da aka kafa ta dominsa. A 1975 aka kafa Cibiyar Binciken Tafkin Chadi, a cikin shekarun 1980 kuwa sararin ruwan tafkin ya ragu har ƙasa da murabba'in kilomita 2,000.

A daidai wannan lokaci aka tare kogin daga sama. An kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ta Challawa kuma a 1992, duka a ƙasar Kano. Hankalin masu bincike sai ya koma kan ruwa: nawa ake tarewa, nawa ke isa fadama. A 1987 aka kafa Shirin Kare Fadamun Haɗeja da Nguru, mai mazauni a Nguru, kuma a 1993 Hollis da Adams da Aminu-Kano suka fitar da littafin da ya tattara sakamakonsa. An nuna cewa ƙasar da ambaliya ke mamayewa ta ragu daga hekta 250,000 zuwa 300,000 a shekarun 1960 da 1970 ta koma tsakanin 70,000 da 100,000. Barbier da abokan aikinsa kuma suka auna amfanin noma da su da itacen girki da fadama ke bayarwa, suka gano cewa ruwan da aka bari ya malala ya fi kawo riba nesa ba kusa ba a kan kwatankwacinsa da aka karkatar zuwa noman rani na Kogin Kano. Wannan hujja ce mai ƙarfi, ko da yake ba ta sauya yadda ake sakin ruwa daga madatsun nan take ba. Sakin ruwa ba bisa tsarin damina da rani ba ya taimaka wa ciyawar kachalla ta toshe magudanu, wasu wurare suka nutse, wasu suka bushe.

5.0 Waiwayar Masunta

A 1992 gwamnatin soja ta kafa Doka ta 108 a kan kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa, wadda ta haramta amfani da guba da nakiya da wutar lantarki, ta kuma ƙayyade idon raga. A takarda, ruwa na hukuma ne. Binciken da ya biyo baya ya nuna abin da ke gudana a bakin ruwa daban yake.

David Thomas ya zauna a fadamar Haɗeja da Jama'are, kuma a maƙalarsa ta 1996 ya nuna cewa a ƙauye guda ana samun mallaka iri uku a tare: ruwan da kowa ke iya shiga, ruwan da na jama'ar gari ne, da kuma wanda yake hannun wani gida ko wani mutum. Abin lura shi ne wuri guda yana iya sauya matsayi gwargwadon lokaci. Sa'ad da ruwa ya shafe ko'ina ba mai iya tsare shi, ba kuma a cika samun kifi ba, don haka a buɗe yake. Idan ya janye ya bar kududdufi, kifi ya taru, sai haƙƙin mai wuri ya dawo. Haka kuma daga 1993 Arthur Neiland na Jami'ar Portsmouth ta Ingila ya jagoranci wani bincike tare da Jami'ar Maiduguri da Jami'ar Fasaha ta Yola a yankuna uku: saman Kogin Binuwai, Tafkin Chadi, da fadamun Nguru da Gashuwa. Sun kasa tsarin kula da su gida uku, wato na gargajiya, na zamani, da gamin gambiza, suka tarar cewa na zamani tsantsa shi ne mafi ƙaranci.

A mafi yawan garuruwa, bulama ko lawani ko sarkin ruwa shi ke faɗin ranar da za a buɗe tafki da irin kayan da za a shiga da su. Shi ke karɓar baƙon masunci, ya yanka masa abin da zai bayar, ya kuma sasanta rikici. Hana shiga wani ruwa har tsakiyar rani yana ba kifi damar girma, kuma yana tabbatar da cewa ranar da aka buɗe kowane gida ya sami rabo. Bikin kamun kifi na Masarautar Bade da ake yi a Gogaram, kamar takwaransa na Argungu, daga irin wannan al'ada ta rufe ruwa da buɗe shi ya tsiro.

Bai kamata a ɗauka tsarin ba shi da aibu ba. Manufarsa ta farko ita ce rabo da zaman lafiya da kuɗin shiga ga masu sarauta, kare kifi kuwa sau da yawa sakamako ne da ya biyo baya. A Tafkin Chadi, inda ruwa ke kai da komo kuma baƙi suka fi 'yan ƙasa yawa a wasu sansanoni, Marie-Thérèse Sarch ta nuna yadda dumba, wato jerin gurar Mali da ake tare magudana da ita, ta zama abin jayayya tsakanin sarakuna da ƙananan hukumomi da jami'an gwamnati, mai ƙarfin aljihu ya fi samun wuri. A shekara ta 2000 aka sanya Tafkin Nguru da magudanar Marma cikin jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar. Rikicin Boko Haram kuwa, musamman harin Baga na Janairun 2015 da takunkumin da aka sanya wa jigilar kifi, ya katse bincike da fatauci a gefen tafki na tsawon shekaru.

6.0 Rabon Manazarta Harshe

Kusan duk waɗannan ayyuka da Ingilishi ko Faransanci aka rubuta su, alhali dokokin da suke bayani a kansu da Badanci da Barbarci da Hausa ake furta su. Kalmomin kayan su kaɗai tarihi ne: homa da taru da kalli da birgi da mamari kowanne yana da irin ruwan da ya dace da shi da lokacinsa, sunan gurar Mali kuma yana nuna hanyar da ta biyo ta shigo. Sunayen kifi ma sukan bambanta daga Yawuri zuwa Nguru zuwa Baga, har a kira kifi guda da sunaye biyu, ko suna guda ya hau kan nau'i fiye da ɗaya, abin da kan rikita alƙaluman mai ƙidayar kamu idan bai san karin harshen wurin ba.

A nan ne Potiskum ta sake shigowa cikin labarin. A garin ne Russell Schuh ya tattara kalmomin ƙamusunsa na Ngizim wanda aka buga a 1981. Daga baya shi da Alhaji Maina Gimba suka jagoranci Shirin Binciken Harsunan Yobe, wanda a 2004 ya fitar da ƙamusoshin Bade da Ngizim da Bole da Karekare da Ngamo a Potiskum, kowanne da fassarar Hausa. Ƙamusun Bade biyu ne, na karin Gashuwa da na karin Yamma, kuma masu magana da waɗannan kare-kare su ne mazauna bakin fadamun da Thomas da Neiland suka yi aiki a cikinsu. Kwatanta kalmomin su na waɗannan ƙamusoshi da na Bargery na 1934 da kuma sunayen da ke cikin littafin Reed na 1967 zai nuna waɗanne kalmomi Hausa ta ara daga Badawa da Barebari, waɗanne kuma masuntan Kabi da Yawuri suka taho da su gabas a lokacin da suka bi kifi zuwa Chadi.